Tabon da ke Tsakiyar Hoto

Duk wanda ya tashi a layin tsohon gidan waya ya san shagon Kar-ka-motsa, ko da bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Da ya zaunar da mutum a kan kujera, ya gyara masa wuyan riga, ya koma bayan kyamara ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, sai a ji murya daga ƙarƙashin ƙyallen: "Kalle ni. Kar ka motsa!" Alƙali ya sha wannan tsawar, direban tirela ya sha, har jaririn da wuyansa bai tsaya ba bai tsira ba.

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba na jama'a ne. Akwai babban labule da wani mai zane ya yi wa teku da bene da jirgin sama, jirgin ya fi kama da kifi, amma ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ga furen roba a tukunya, ga wayar tarho marar igiya, ga kwat ɗaya rataye a ƙusa domin masu neman aiki. Kwat ɗin nan ta shiga ofisoshi fiye da kowa a unguwar, a jikin takardun mutane daban-daban. A bango kuma, ɗan nesa kaɗan da inda kyamara take tsayawa, akwai agogo mai lilo. Ɗakin baya nasa ne shi kaɗai: jan ƙwan lantarki, farantan ruwan wankin hoto, da igiyar shanya. Warin sinadarin ya kama rigunansa, har 'ya'yansa sukan gane ya dawo gida tun bai yi magana ba.

Mutum ne mai ji da idonsa, kuma yana da hujja. Yakan ɗaga fim zuwa haske ya hango silin gashin da ya maƙale, wanda kai sai ka rantse babu komai. Da bakin fensir yake share wa samari ƙurajen fuska, ya rage wa tsofaffi layin goshi, ba kuma ya taɓa gaya musu. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, wato mutum ya kauce wa kyamara. A wurinsa hoton da ido bai kalli mai ɗauka ba, asarar takarda ne.

Mutum ɗaya ce ta taɓa karya masa wannan doka. Wata yarinya ce daga masaƙa, ta zo da rana tsaka neman hoton katin aiki, auduga duk ta manne mata a kafaɗa. Ta zauna, ta kafa wa agogon bango ido.

"Kalle ni," in ji shi daga cikin ƙyalle.

"Ina ganinka sarai," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ni za ki kalla, ba agogo ba."

"Kai ba wanda zai rufe maka ƙofa in ka makara. Ɗauka kawai."

Don haushi ya ɗauka a hakan. Masaƙa ta ƙi karɓar hoton, dole ta dawo. Ta sake dawowa karɓa, ya ce bai bushe ba, alhali tun jiya ya bushe ƙayau. Daga nan dai labari ya yi tsawo, har ta zama uwar 'ya'yansa. Shi kuwa bai daina ce mata 'Yar Masaƙa ba, ko bayan an rufe masaƙar an mai da ita ma'ajiyar siminti. Hoton farkon nan ya yi masa firam ya rataye a saman ƙofar ɗakin duhu. A duk shagon shi kaɗai ne hoton da mai shi ba ya kallonka.

Zamani ya yi ta tafiya. Babbar kyamara mai ƙyalle ta koma kusurwa, ya sayi ta ratayawa a wuya. Daga baya aka wayi gari kowa na da kyamara a aljihu, yara suna ɗaukar kansu da kansu, suna murguɗa baki, kan a karkace, ba mai ce musu kul. Shi dai ya ƙi rufe shago. Ya riƙe 'yan tsofaffin abokan cinikinsa, da masu kawo hoton iyaye da ruwa ya ci a gyara musu. Kullum da hantsi 'Yar Masaƙa takan kawo masa shayi a fulas, ta zauna a kujerar ɗaukar hoto su yi ta musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan ne yake kallonta yadda ya ga dama, da idon mai sana'a, yakan ce mata hasken taga ya fi yi mata kyau ta ɓangaren hagu. Ita kuma ta ce ya ji da shayinsa.

Wata safiya ya kai kyamara ido zai ɗauki wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sai ya ga wani tabo toka-toka a daidai hancin mutumin. Ya sauke kyamarar, ya dubi mutumin, hanci lafiya lau. Ya sake kai ta ido, ga tabo nan. Ya hura gilashin, ya goge da ƙyallen da ba ya bari kowa ya taɓa. Tabo yana nan daram.

Ya ɗauki kyamara ya shiga shagon maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna. Mai rediyo ya kwance gilashin, ya haska da tocila, ya leƙa ta gaba ya leƙa ta baya.

"Ni ban ga komai ba."

"Ina za ka gani, kai da kunne kake aiki."

"To ka kai wa mai ido."

Ya kai wa wani, ya kai wa wani. Ya canja gilashi, tabo bai tafi ba. Ya aro kyamarar wani, ya ce ita ma ta kamu, wai danshi ne ya addabi kayan aiki a bana. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne wannan: duk mai hoto idan zai leƙa kyamara, ido ɗaya yake rufewa. Shi hagu yake rufewa tun yana saurayi. Da ya sauke kyamara ya buɗe duka biyun, sai na hagu ya cike gurbin na dama, duniya ta dawo daidai. Saboda haka tabon ya zauna a cikin kyamara kawai, kuma kyamara ce ta ɗauki laifi har tsawon lokaci.

Sai kuma tabon ya fito daga kyamara. Ya fara ganinsa a kan hotunan da ya wanke, daidai tsakiyar fuska. Ya zargi ruwan wanki, ya zargi takarda, ya yi ta yaga hoto yana sake wani, masu hoto suna zuwa suna komawa hannu wofi. Ya ga dogaran ƙofar shagonsa ya lanƙwashe a tsakiya, ya tsine wa kafintan da ya daɗe da rasuwa. Ranar da abin ya kai maƙura, 'Yar Masaƙa ta shigo da fulas, ta zauna a kujerarta, ya ɗaga kai zai yi mata maganar hasken taga. Ya ga ɗankwalinta, ya ga kafaɗunta, ya ga hannunta a kan fulas. Fuskar ce babu. Wani hayaƙi ne a wurin, duk inda ya kai ido hayaƙin ya riga shi.

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya sunkuyar da kai ya kama juya shayin da ba ya bukatar juyi.

Daga ranar bai sake ɗaga ido ya dube ta ba. Idan tana magana sai ya dubi ƙasa, ko ya kama goge abin da ya riga ya goge. Gara masa ya ƙi kallo da ya kalla ya tarar ba ta nan. Gaya mata kuwa, ai bakinsa ba zai iya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cika baki da ido, ya buɗe baki ya ce ba ya ganin matarsa?

Ita kuwa ta fassara abin yadda ta iya. Ta daure, ta daure, ran nan ta ajiye fulas da ƙarfi.

"Malam, in tsufana ne ya ishe ka, ka faɗa mini. Na san ka saba da gyara fuskoki, tawa kuma ta fi ƙarfin fensir."

"Wace irin magana ce wannan?"

"To kalle ni ka ce ba haka ba ne."

Bai kalle ta ba. Ta jira, ta gaji, ta ɗauki mayafinta. Washegari shayi bai zo ba, jibi ma haka. A gida sai gaisuwa da ajiye abinci. Ya san ya ɓata mata rai ɓaci mai tsanani, kuma wannan ya fi tabon ci masa rai.

Autarsu, malamar makaranta ce, ita ta gano bakin zaren. Ta biyo ta shago bayan an tashi, ta tarar da kwandon shara cike da yagaggun hotuna. Ta tsinci biyu ta haɗa.

"Baba, me ya sami wannan?"

"Ba ki ga tabo a fuskar ba?"

Ta dubi hoton, ta dubi ubanta. Hoton fes yake. Ta matso gabansa ta tsaya.

"Baba, dariya nake yi ko kuka?"

Ya kawar da kai gefe. Ta ce gobe ba za ta je aiki ba, kuma ba shawara take nema ba.

A asibitin ido aka ɗiga masa wani magani mai ɗan zafi, aka ce ya jira baƙin idon ya buɗe. Ya zauna a benci komai na ƙara yi masa dishi-dishi, yana mita. Da aka kira shi, likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta nuna masa inda zai ɗora haɓa da inda zai jingina goshi a jikin wata na'ura. Ya ji ta gyara masa kai da yatsu biyu, daidai yadda shi yake yi wa mutane.

"Baba, kalli nan. Kar ka motsa."

Auta ta toshe baki, dariya na cin ta. Haske ya walƙa a ido ɗaya, ya walƙa a ɗayan.

Likita ta juyo da allon kwamfuta, ta ƙara girman hoton har ya cika allon. Da ya ɗan karkata kai, ya ga wani babban da'ira ja-ja, kamar rana dab da faɗuwa.

"Bayan idonka ke nan," in ji ta. "An ce mini kai mai hoto ne, to ba zan sha wahala ba. Gilashin gaba ka san shi. Bayansa akwai wani abu garai-garai kamar farin ƙwai, shi ya cika cikin idon. Haske na ratsa shi ya faɗa a kan bangon baya. A bangon nan akwai tantani a shimfiɗe, siriri kamar fatar albasa ta ciki. Mu retina muke ce masa."

"Fim ke nan," ya ce.

"Fim ke nan."

"A kife hoton yake faɗawa? Ƙafa a sama?"

"A kife. Ƙwaƙwalwa ce take miƙar da shi."

Ya gyaɗa kai. Shekaru nawa ya yi a ƙarƙashin baƙin ƙyalle yana kallon manyan mutane kai a ƙasa, ashe kowa haka yake ganin kowa.

Ta kai bakin biro kan wani farin da'ira a gefe ɗaya. Ta ce nan ne jijiyar gani take tattara saƙo ta fice zuwa ƙwaƙwalwa, ta nan kuma jijiyoyin jini suke shigowa, ga su nan sun bazu kamar saiwar bishiya. Ta ce wurin nan ba ya ɗaukar haske ko kaɗan, kowa yana yawo da wannan ɗan gurbi bai sani ba. Sai ta matsa da biron zuwa tsakiya.

"Nan ne maganar take. Ɗan wurin nan bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuska. Ƙwayoyin gani masu ɗaukar launi da ƙananan abubuwa a nan suka taru. Sauran filin duk na ganin gefe ne, da motsi, da tafiya in haske ya yi ƙasa. A ƙarƙashin tantanin akwai shimfiɗar jijiyoyin jini da ke ciyar da shi. Idan shekaru suka ja, wani lokaci datti yakan taru a tsakaninsu, ka ga ɗige-ɗigen nan rawaya? Sai tsakiyar ta fara ƙanjamewa. Na dama ya daɗe da tafiya. Na hagu ya biyo shi."

Ya daɗe yana kallon allon ta gefen ido. Ga tabon da ya sa aka kwance kyamara sau uku ana nema. Shi da kansa yake ɗauke da shi yana kai wa masu gyara.

"To a canja fim ɗin mana, 'yata."

"Baba, wannan guda ɗaya ake ba mutum."

"Ko a bi shi da fensir?"

Ta girgiza kai, ya ji murmushi a muryarta, amma ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce irin nasa ba ya komawa. Za su riƙa duba shi, kuma duk ranar da ya ga abin ya canja farat ɗaya, ya zo a ranar, kada ya tsaya zargin kowa. Ta ce amma gefen tantanin lafiya lau yake, wannan ciwon ba ya rufe mutum cikin duhu gaba ɗaya.

"Yanzu kalle ni. Me ka gani?"

"Farar riga, ba kai."

"To bar ni. Kalli makunnin fitilar nan da ke bango, kusa da kunnena. Tsaya a kansa, kar ka dawo."

Ya kai ido kan makunnin. Hayaƙin ya tafi can ya zauna. A gefensa kuwa, sannu a hankali, sai ga tabarau, ga goshi, ga baki yana motsi. Ba tas ba, kamar hoton da aka ciro daga ruwa bai gama fitowa ba, amma fuska ce ta mutum.

"Haka za ka koya," in ji likita. "Abin da kake son gani, kar ka kalle shi. Kalli kusa da shi."

Ta buga masa hoton a takarda ta ba shi. A hanya hasken rana ya hana shi buɗe ido, Auta na riƙe da hannunsa. Ya ce kada ta gaya wa uwarta komai, ta dai ce mata yana nemanta a shago gobe da hantsi.

Ta zo, ba fulas. Ta tsaya a bakin ƙofa a cike fam.

"Ga ni."

"Zauna a kujerar."

"Hoto za ka ɗauke ni? Da wannan fuskar?"

"Zauna dai, 'Yar Masaƙa."

Ta zauna, don ta daɗe ba ta ji sunan ba. Ya miƙa mata takardar. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce wannan kuma wane irin ƙwai ne aka fasa. Ya ce idonsa ne, ta baya. Ya lalubi wurin da yatsa, ya nuna mata saiwoyin, ya nuna mata farin da'irar, ya kawo yatsa tsakiya ya tsaya. Ya gaya mata komai, tun daga hancin ma'aikacin jirgin ƙasa har zuwa ranar da ta zauna a nan ya nemi fuskarta ya rasa. Ya ce tsoro ya ji, kuma kunya ta hana shi faɗa.

Ta kwantar da takardar a cinyarta.

Ya koma inda kyamara take tsayawa a da, ya ja kujerarsa ya zauna. Ya ɗaga kai ya nemi agogon bango. Agogon ya daɗe da tsayawa, ba wanda ya damu ya wana shi. Ya kafa masa ido, hayaƙin ya hau kansa ya rufe lambobin. Ya jira, bai motsa ba. Sai ga ta tana fitowa a gefe: ɗankwali, goshi, kumatun da suka faɗa, hasken taga a ɓangaren hagu. Wani abu yana ƙyalli yana gangarowa a kuncinta.

"Ka kira ni har nan, kuma agogo kake kallo," ta ce. "Malam, kalle ni mana."

"Ina ganinki sarai," ya ce. "Share hawayen, ga shi nan ya kusa kai haɓa."

Ta kai hannu ta taɓa haɓarta, ta ji danshi. Ta daɗe a haka. Sannan ta gyara zama, ta juyo da ɓangaren hagu sosai wajen taga, ta bar shi yana kallon agogo.